Alhaji Shu'aibu, wanda ya kwantar da dokar sauruka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina zaune ƙofar gida ina shan shayi, waya ta shigo daga Bazaga: Alhaji Shu'aibu ya rasu.



Masu bin shafin nan sun san ni. Ba na yabon ɗan siyasa. Na shiga siyasa ina saurayi, na fito ban ga abin da zan yaba ba, har yau kuma ban sauya ra'ayi ba. Amma wannan mutum ɗaya, dole in ba ku labarinsa.

Lakwal ɗaya, wato makarantar boko, muka yi a Konni, yana gaba da ni. Shi ya zama likitan dabbobi, ni na zama malamin lakwal a garinmu Dogarawa, ana ce mani Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, jam'iyya ta sa sunayenmu, muka tafi Majalisa a Yamai muna depite, wato wakilan jama'a. Jam'iyya ɗaya ce tal lokacin. Wanda manya suka sa, shi ya ci zaɓe tun kafin a yi shi.

Na tafi da kwat, da Faransanci, da zafin kai. Ranar farko zufa ta jiƙa ni sharkaf. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mushe, wanga kaya na masu magana ne. Mu ɗaga hannu anka kawo mu yi."

Washegari ya aiko mani da babbar rigarsa.

Kuma gaskiya ya faɗa. A gidan jam'iyya ake tuƙa tuwon, ƙofa a rufe. Mu a Majalisa a ajiye mana shi a gaba, mu sa hannu, a buga a jarida cewa wakilan jama'a sun amince.

Sai aka kawo wata doka. Ta ce duk gonar da aka bari ba a nome ta ba, ba ta da mai ita, ta koma hannun gwamnati. Waɗanda suka rubuta ta zaune a buro, a ofisoshinsu, sun ga fili ba hatsi, sun ce yasasshe ne. Mu kuwa mun san saura ce: gonar da mutum ya bari ta huta, makiyaya su kwana da shanu a kanta, bayan wasu shekaru ya dawo ya share. Kowane gida a Dogarawa, a Bazaga, a Alela yana da tasa. Da dokar ta wuce, da mutane sun wayi gari ba su da wurin komawa in gonar da ke hannunsu ta gaji.

Na miƙe a taron jam'iyya na yi jawabi. Ban taɓa yin Faransanci mai kyau irin na ranar ba. Da na gama, minista ya ce, "An ji." Shi ke nan.

A zauren Majalisa aka ce waɗanda suka yarda a karɓi dokar a duba ta su ɗaga hannu. Na bar nawa a kan gwiwa, ni kaɗai. Hannun da ya fara tashi kuwa na Shu'aibu ne.

Na tare shi a bakin ƙofa.

"Shu'aibu, saurar ubanka ma tana ciki."

"Na sani."

"Kuma ka ɗaga hannu?"

"In sun so biyu, in ɗaga biyu. Ina anka aika da ita?"

"Komisiyon noma da kiwo."

"Wa ke shugabancin komisiyon?"

"Kai."

"To tafi ka ci abinci, Mushe. Yunwa ka sa ka faɗa."

Ƙa'idar Majalisa ta ce ba a kaɗa ƙuri'a kan doka sai komisiyon, wato kwamitin da aka miƙa wa ita, ta kawo rahotonta. Komisiyon kuma ba ta zama sai yawancin 'ya'yanta sun hallara. Shu'aibu sai ya riƙa kiran taro daidai ranar da motocin da ke kai depite gida ke tashi. Ya zauna shi da kujeru, ya sa a shaida cewa mutane ba su cika ba. Da aka gane wannan, sai ya ce ba ya iya rahoto sai ya ji ta bakin ma'aikatar noma da ta kiwo a kan shekara nawa gona za ta yi kafin a kira ta yasasshiya. Ya san shugabanninsu ba sa ga maciji da juna. Suka kama musu. Kafin su gama, wa'adin zaman Majalisa ya ƙare. Zama na gaba na kasafin kuɗi ne, ba wuri.

Wani babba a jam'iyya ya taɓa tsare shi a gabana: "Alhaji, ina rahoto?"

Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, dokar jam'iyya ce. Ai ba a yi mata aikin gaggawa awa ta kowa."

Ba su samu abin kama shi da shi ba, domin bai taɓa karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Amma sun gane. Ana ta raɗe-raɗin za a ba shi minista, maganar ta mutu daga nan.

Ni kuwa, da zaɓe ya zagayo, jam'iyya ta cire sunana. Na koma Dogarawa. Mutanen da nake ci da su kwano ɗaya suka riƙa sauya hanya in sun hango ni, don kada a ce an gan su da wanda jam'iyya ta yar.

Shu'aibu ya zo ranar kasuwa, da rana tsaka. Na ce ya shigo ciki. Ya ce a'a, a shimfiɗa mana tabarma a waje, yana son iska. Ya zauna har la'asar, duk mai wucewa sai ya kira shi da suna sun gaisa. Kafin ya tafi ya duba mani awaki.

Dokar tana kwance a hannunsa har ranar da sojoji suka rufe Majalisar. Ba ta taɓa fitowa ba.

Ganina da shi na ƙarshe bayan girbin bana ne, a gidansa. Kunnensa ya yi nauyi, sai na ɗaga murya. Muka koma kan tsohon musunmu. Na ce masa har gobe ina ganin da dukkanmu mun ƙi ɗaga hannu, da ƙasar nan ba haka take ba.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Da mun ƙi, da sun kawo wasu hannuwa. Hannu ba ya wuya a ƙasar ga, Mushe."

Ban yarda ba. Shi ma bai yarda da nawa ba. Muka sha fura, ya rako ni har bakin zaure yana dogara sanda.

Raina bai ɓaci ba yau, ko da yake na yi kuka. Ya yi tsawon rai, ya cika a ɗakinsa, cikin 'ya'yansa. Geron da ke rumbuna yanzu daga saurar mahaifina ya fito, wadda na share da na dawo gida.

Allah Ya jiƙan Alhaji Shu'aibu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri.

Ku kuma 'ya'yan Dogarawa, Bazaga da Alela, da yawanku ba ku taɓa jin sunansa ba. In gonar da kuke nomawa ta kakanku ce, ina roƙonku, yau bayan salla ku ɗaga masa hannu biyu.

Amin.