Ciyawar da Na Kwashe Don Gawar Maigidana

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, amma wannan ranar tana nan daram. Lokacin da kuɗin fetur ke ambaliya ne, ina direba a Landan, ina jan wani Alhaji ɗan kwangila. Ciwon ƙirji ya matsa masa, likita ya ce ya je ya sha iskar duwatsu. Muka tsallaka zuwa Faransa da mota, muka hau wani ɗan ƙauye da ke maƙale a jikin tsauni. Gidajen kana iya ƙirga su daga bakin hanya. Shanu da ƙararrawa a wuya, ruwa da sanyi kamar ya fasa haƙori.

Kwana huɗu da zuwanmu Alhaji ya cika. Matarsa Hajiya ta bugo waya daga Landan, muryarta ta dushe. "Malam, ka dawo mini da shi a sallace shi cikin Musulmi." Gawa kuwa ba ta barin garin sai mai gari ya sa hannu. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman makaranta, kuma a kulle.

A gangare na same shi, tsoho da takalmin roba, shi da duk mutanen garin suna kwasar busasshiyar ciyawa, hadari ya haɗo. Da ɗan Faransancin da na tsinta a tashar Maraɗi na yi masa bayani. Ya ce, "Sai an gama."

Nan na yi wautar da na saba. Na dunƙule kuɗi na cusa masa a aljihu. Ya ciro, ya mayar mini a nawa, ya miƙo mini manjagara.

"Ciyawar wata tsohuwa ce, mijinta ya mutu bara. In ta jiƙe, shanunta ba za su wuce sanyi ba. Maigidanka ba ya sauri."

Raina ya ɓaci, amma ni ɗan manoma ne. Na tuɓe kwat na shiga layi. Muna cusa damin ƙarshe a rumbu ruwa ya kece.

Bai ko wanke hannu ba ya buɗe ofishin, ya buga hatimi. Da aka zo fitar da gawar, mazan da muka yi aiki tare suka cire huluna, suka kama mini har mota. Ranar Juma'a aka sallaci Alhaji a Landan.

Ban yi boko mai nisa ba, amma ranar na koyi cewa akwai shugaban da ba a sayen sa hannunsa. In kana so ya duba naka, sai ka fara kama masa na talakansa.