Kabewar Baba Ba Ɓawo

Shekarar da likita ya ce Baba na da ciwon suga, zafin Madina bai sauka da wuri ba. Sai da kaka ta yi nisa muka daina yayyafa ruwa a tsakar gidanmu da ke unguwar Ranuna. A lokacin ina 'yar budurwa, ni ce babba a gida.

Baba kafinta ne, mutumin Kano da aikin Hajji ya kawo shi ya zauna. Duk kaka Umma kan gasa masa kabewa irin wadda maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta koya mata: a dafa kabewa a dame ta da ƙwai da madara da sukari, a zuba a kan ɓawon fulawa da aka murje da man shanu, a kai gidan burodi a gasa. Yanzu an hana shi mai, an hana shi zaƙi. Ya rame, hularsa ta soma yi masa yawa, abinci kuma sai ya taɓa ya ture.

Umma ta ce za ta yi masa ba ɓawo, tunda a nan man yake. Gashin farko ya dawo daga gidan burodi ruwa-ruwa, ko yankuwa bai yi ba. Baba ya dubi farantin ya ce, "Kunu kuka kai aka gasa? Ban zama jariri ba tukuna."

Bayan kwana biyu Umma ta sake gwadawa. Wannan karon ta sa ni na matse dafaffiyar kabewar a cikin farin ƙyalle har hannuwana suka yi ciwo. Ta yi ta buga farin ƙwai sai da ya yi kumfa, ta sa kirfa, ta niƙa 'yan dabino kaɗan maimakon sukari. Gashin ya fito ya tsaya da kansa, samansa ya yi ja, ga laushi. Baba ya ci yanka guda, ya ce ba laifi. Umma ta shiga kicin tana murmushin da na daɗe ban gani ba.

Haka muka yi ta yi har sanyi ya shigo, amma ƙishirwarsa ba ta ragu ba, gyambon da ya fito masa a ƙafa kuma ya ƙi warkewa. Wata rana ina wanke rigarsa na ji aljihun na danƙo. Takarda ce mai maiƙo, da sauran kunafa a ciki, kayan zaƙin nan na Larabawa mai ruwan sukari. Ashe idan ya fito daga masallaci yakan biya ya saya ya ci a tsaye.

Na nuna wa Umma. Ta jira har ya gama cin abincin rana.

"Malam, wa kake ɓoye wa? Ni ko ciwon?"

"Komai an ɗauke mini," in ji shi. "Gari na bari, iyaye na bari. Ɗan abin da nake ji a bakina ma?"

Umma ta kwashe kwanuka ta fita. Na same ta a kicin tana fere wata kabewar.

Kafin azumi aka yanke masa yatsu biyu na ƙafa. Bai koma shago ba bayan haka, ƙanensa ya karɓi kayan aikin. Yakan zauna a ƙofar gida, ƙafar a miƙe, yana gaisawa da masu wucewa zuwa masallacin Ƙuba.