Ranar Da Barmo Ya Rufe Baki

A Birnin Konni, in ka jiyo surutu tun daga bakin tasha ba ka ga mai yinsa ba, to, Barmo ne a rumfarsa. Allah ya ba shi hannu mai albarka da bakin da ba ya hutu. Ya fara da gyaran rediyo, ya koma kaset, ya faɗa wayar hannu, har ya iso kan kwamfuta, kuma ba a taɓa ganin kuncinsa ba goro ba. In yana ba ka labari gara ka ɗan karkace, don jan yawu zai yi wa rigarka ado.

Mutum ɗaya ne yake iya kwaɓarsa, taubashinsa Chindo, direban motar haya tsakanin Konni da Dogarawa. Shi kuwa ya rasu a hatsari tun ɗiyarsa Latifa tana goye.

Bayan shekaru, wani hantsi sai ga Delu, matar marigayin, da wani ƙarfe kamar sabulun wanki ƙunshe a mayafi. Faifan ajiya ne na kwamfutar mai hoton da ya ɗauki bidiyon sunan Latifa. Kwafin da aka ba su ya karce tuni, kwamfutar ma ta mutu, sai mai hoto ya ciro wannan ya ce ta gwada sa'arta.

"Malam Barmo," in ji ta, "yarinyag ga ta matsa mini, wai yaya muryar babanta take. Na zamna in tuno, wallahi ta hwara ɓace mini."

Tausayi ya kama Barmo. Ya jona faifan, sai ya ji yana ƙas-ƙas-ƙas. Allurar da ke karanta shi ce ta lalace. Dole a buɗe cikinsa a sa masa ta wani irinsa, kuma in ƙwayar ƙura ko ɗigon yawu ya sauka a kai, Chindo ya tafi ke nan har abada.

Ya hau mota har Malbaza, ya tone tarin matattun kwamfutoci wurin wani ɗan gwangwan, yana yi yana zuba, har mutumin ya cusa masa faifan da yake nema a aljihu ya raka shi bakin hanya don ya huta. Da ya dawo ya aro akwatin gilashi wurin mai fanke, ya wanke shi tas, ya huda masa kafa biyu na zura hannu. Ran aiki ya tofar da goro, ya kurkure baki, ya ɗaure shi da rawani, ya shige gidan sauro da akwatinsa.

Kafin ya kwance ƙusa ta farko labari ya zaga tasha: Barmo ya yi shiru! Direbobi suka bar lodi suka zo kallo. Muttaƙa mai shayi, wanda ya sha wahalar kunne a hannun Barmo, ya ja benci ya gyara murya.

"Kun tuna rediyon nan da ta hwaɗa rijiya a Bazaga? Ai wani Bayarabe ne yag gyara ta."

Duk Konni an san Barmo ne ya gyara rediyon nan, kuma a Tsarnawa ne, don kowa ya ji labarin har ya haddace. Rawani ya motsa. Jijiyar wuya ta tashi, gumi ya keto masa. Amma ga faifai a buɗe yana sheƙi, ga allura a bakin hantsaki, ga Delu a gefe ta haɗa tagumi. Ya haɗiye maganar da ƙyar. Muttaƙa ya ƙara da cewa rediyon ma ba ta ƙara magana ba. Hawayen takaici ya zubo wa Barmo, ya dai lallaɓa ya sa allurar a mazauninta.

Ya rufe, ya ɗaure, ya jona. Faifai ya ɗauki juyi lafiya lau. Sai da ya kwashe komai zuwa wani sabo, sannan ya fizge rawani.

"Tsarnawa ce, kai maƙaryaci! Kuma ni ne!"

Bayan dariya ta lafa aka kira Latifa, aka kunna bidiyo. Ga Chindo nan cikin farar riga yana rabon goro. Ga bakinsa yana motsi. Amma ba a jin komai sai murya guda daga gefen mai hoto, tana ba da labarin rediyon da ta faɗa rijiya. Bidiyo na tafiya, labari na tafiya. Kunya ta rufe Barmo, ya rasa inda zai sa kansa.

Can dab da ƙarshe Chindo ya juyo, ya dubi gefen mai hoto yana dariya, muryarsa ta fito tangaram:

"Kai Barmo, don Allah yi muna shiru, a ji sunan ɗiyata!"

Delu ta dafe ƙirji, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Ita ce! Latifa, kin ji babanki. Malam Barmo, maido shi baya."

Barmo ya maido. Ba rawani a bakinsa, ba wanda ya roƙe shi, amma bai ce uffan ba har Chindo ya gama.