Ƙofar da Kansila Ya Ce a Bari

Shekara tara ke nan da muka kai aminina makwancinsa a Birnin Kebbi. Kansila kowa ke kiransa, ko da yake ya bar kujerar tun da daɗewa. A cikin maganganunsa, wadda ta fi zama a bakin mutane ita ce: "In ka kayar da mutum, bar masa ƙofar da zai shigo gobe ya gaishe ka."

A lokacin na ɗauka dabarar neman ƙuri'a ce. Na zauna a Yamai, na yi fatauci har Kumasi da Khartum, na ji 'yan siyasa suna zaƙin baki da Zabarmanci da Faransanci da Larabci, don haka ban cika ruɗuwa da kalamai ba. Amma shi, duk zaɓen da ya ci, washegari sai ya hau babur zuwa gidan wanda ya kayar, ya zauna a zaure ya nemi fura. Wani lokaci a bar shi zaune babu mai fitowa. Ya jira.

Yau ɗansa na fari ke riƙe da matasan jam'iyya, kuma ya buga maganar uban a ƙasan fastarsa. Bayan zaɓen da ya wuce, wanda jam'iyyarsu ta ci, yaransa suka cinna wa rumbun albasar Malam Garba wuta a Ambursa, don ya tsaya wa ɗaya ɓangaren. Garba manomi ne, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Kansila. Ya kwashe iyalinsa ya koma Argungu wajen dangin matarsa, ya bar fadamarsa ta zama ciyawa.

Na je wajen ɗan. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, zamanin ya canza. In ba ka murƙushe su ba, su murƙushe ka." Ban san me uban zai ce masa ba da yana raye. Ina jin Argungu zai tafi, don haka na tafi.

Na tarar da Garba yana gyaran ragar wani masunci don ya samu na cefane. Na roƙe shi ya dawo kafin ruwa ya sauka.

Ya ce, "Alhaji, da shi ɗan Kansila yaz zo, da na bi ka yau. Kai kaz zo."

Abin da ya rage na Kansila ke nan: mutum ɗaya a Argungu da har yanzu yake tsammanin wanda ya ci zai zo. Damina ta kusa, gonar na nan ba shuka. Allah Ya jiƙansa.