Allon Tallan Alhaji Mai Taki

"Tawadar ce ta ƙare muku?"

Tambayar da wani Alhaji mai sayar da taki a Gafasa ya yi wa ƙanena Sadiku ke nan, ina zaune a ɗan shagon da muka kama masa a Gaya. Yaron ya gama koyon zane da kwamfuta a Kano, kuma allon tallan Alhaji ne aikinsa na farko.

Allo fari fat, koren ganye ɗaya a tsakiya, sunan shago mitsitsi a ƙasa.

Sadiku ya gyara zama ya ce, "Alhaji, haka ake yayi yanzu. Malaminmu ya ce a riƙa bar wa ido wurin hutawa."

Alhaji ya ce, "Idon wa? Wanda ya taho a guje kan babur hutawa ya zo yi? Ina hotona? Ina buhun? Wannan ganyen fa, shayi nake sayarwa?"

Ya miƙe zai fita, na taka ƙafar Sadiku, ya yi maza ya ce zai gyara.

Yanzu allon na ɗauke da Alhaji cikin babbar riga, buhuna jere, masarar da ta fi shi tsawo, har da jirgin sama, don a san ya je Makka. Sadiku ya roƙe ni kada in gaya wa kowa shi ya yi. Yau kuwa masu shaguna sai zuwa suke, kowa irin na Alhaji yake so.

Malaman zane, kun koya musu hutun ido, madalla. To wa zai koya musu Alhaji? Ina sauraronku.