Lotsewar ƙofar jif ɗin Baba

Jama'a, yau na ga abin da ya hana ni zama!

Kun san tsohuwar jif ɗin marigayi Baba da nake ta gyarawa? Na mayar mata da koren fentinta na asali da rufin tamfol. Har lotsewar ƙofar baya na sa Iliya fanalbita ya buge ta sumul. Ɗazu na fita gwaji, hanyar Auyo.

Ina kaiwa bakin fadama, sai wata tsohuwa mai kwandon busasshen kifi ta tare hanya. Na taka birki!

Ta zagaya motar tana shafawa. "Ɗan nan, ba motar Malam Bukar ba ce?"

"Ita ce, Iya. Mahaifina ne."

Ta tsaya a ƙofar baya, ta ɓata rai. "Ina lotsewar nan?"

"Na gyara, Iya."

"Ka gyara? Shekarar da ruwa ya ci garinmu, nan kwalekwalenmu ya daka. Ubanka ya jawo ni da goyona ta ƙofar nan. Da bakinsa ya ce ba mai taɓa wurin!"

Wallahi nan take na zaro waya. Ina ta kiran Iliya, bai ɗauka ba. Duk wanda ya gan shi, ya ce masa ya same ni da guduma yanzun nan, a maido da lotsewar!