Hannu a Kafaɗa, Don Ofishin Biza

Shekara huɗu da aurena aka ce in kawo hujja cewa ina da miji.

Ni malamar adabi ce a wata sakandaren 'yan mata a Talata Mafara. Mijina likitan dabbobi ne, ɗan gidan mahauta daga Maradun. Shekara biyu muka yi tare, sai ya sami aikin duba lafiyar nama a wata ƙasar Turawa, ya tafi a kan cewa zan biyo shi da zarar ya sami wurin zama. Allah bai ba mu haihuwa ba kafin tafiyarsa, ita kuwa ba ta waya ake samunta ba. Shi ya sa duk watan da ya mutu ina Mafara yana can, nakan ji shi a jikina.

Ofishin biza ba su ce ba ni da aure ba. Cewa suka yi in nuna musu. Suna son takardar aure, da hotunanmu tare, da saƙonnin da ke nuna shaƙuwa. Takardar kam muna da ita, amma sai da maganar tafiya ta taso muka je kotu muka karɓa, don a wajenmu goro da shaidu ake ajiyewa. Kwanan watan da ke kanta ya zo shekaru bayan bikin, kamar mun tuna da auren ne da muka ji ƙamshin jirgi.

Ranar wata Asabar na zazzage hotunan biki a kan tabarma. Ƙanwar mijina, wadda ke aure nan Mafara, ta zo taya ni zaɓe, ko in ce ta zo kallo. An ɗaura aurenmu a Bakura, a ƙofar gidan mahaifina, wanda malami ne mai karantar da manya. Hotunan ɗaurin auren sun yi kyau: huluna, rawuna, hannuwa a sama ana fatiha. Babu amarya, don mace ba ta zuwa wurin. Babu ango, don kunya ta sa ya ɓuya gidan abokinsa, kawunsa ne ya karɓa masa. A hotunan cikin gida kuwa ga ni nan tsakiyar ƙawaye, lulluɓe tun daga ka har gwiwa.

Ƙanwar mijina ta ɗaga ɗaya ta juya shi ga haske.

"Matar yaya, wanga ƙunshin zane ke ce?"

"Ni ce."

"To ni ma da rantsuwa zan yarda, balle Bature."

Muka tona har ƙasan akwati. Hoto ɗaya tak muka samu da ni da shi a ciki. A Bakolori aka ɗauka, ranar da na kai ɗalibai ganin madatsar ruwa, shi kuma ya biyo mu da lemo. Yana tsaye a wannan gefe, ina wancan, kowa na kallon wani abu daban.

"Kai!" in ji ta. "Saniya da ɗan maraƙinta sai su wuce tsakaninku ba su taɓa kowa ba."

Na koma kan saƙonnin waya. Nan na sa rai, don ba ranar da ba mu gaisa. Na kai shagon kwamfuta aka buga su, na zauna ina fassarawa zuwa Turanci. Ina kwana. Ina gajiya. Ya sanyi. Ya mutan gida. Ya su Baba. Lafiya lau, madalla. A harshenmu na san abin da ke ƙarƙashin kowane layi, na san wace "ina gajiya" ce ke nufin ya yi kewata. A Turanci kuwa sai suka fito kamar ma'aikatan ƙaramar hukuma biyu da ke gaisawa a baranda. Sunansa bai fito ko sau ɗaya ba, don ba na kiran sunan miji, a waya ma Likita na rubuta. Duk wanda ya karanta zai ɗauka wata mara lafiya ce ta matsa wa likitanta kowace safiya.

Abin da zan iya kira hujja ba ya shiga ambulan. Tun muna tare, kowace Talata, ranar kasuwa, yakan shigo da hanta mai ɗumi naɗe a takarda, ya ajiye bakin madafi bai ce komai ba. Da ya tafi, ya bar wa yayansa sallahu, har yau ba ta fasa zuwa ba. A gidan mahauta wannan magana ce cikakkiya. Amma hanta ba ta da rasit, kuma na cinye.

Haka na haɗa abin da na samu na tura. Amsa ta zo lokacin da ake yankan shinkafa a Bakolori. Cikin ladabi suka ce ba su gamsu cewa zaman aure muke yi ba. Na sha rubuta wa ɗalibai da jan biro cewa insha'insu ba shi da hujja. Ban taɓa tunanin yadda abin ke sauka ba sai ranar.

Da Babbar Sallah mijina ya zo hutu. Abokan aikinsa sun ba shi shawara: hotuna da yawa, cikin dangi, kuma a ga kusanci. A ga hannu a kafaɗa. Ya faɗa mini wannan yana kallon ƙasa, kamar wanda ya zo da labarin rasuwa.

Washegarin layya muka tafi Maradun da mai hoto. Gidan cike da hayaƙin suya, surukina na zaune a zaure. Mijina ya durƙusa, aka yi gaisuwa har ta ƙare ta sake farawa, sannan ya shiga bayani yana kewaye-kewaye. Tsohon ya katse shi.

"Mi sunka ce?"

"Baba, sun ce ba su tabbatar matata ce ba."

"Matar wa ce to? Bajimi biyu munka kayar ranar walimarku. Su zo Maradun su tambayi waɗanda sunka ci."

"Ba su zuwa, Baba. Hoto suke so. Da ku a ciki."

Mijina bai faɗi maganar kafaɗa ba. Ƙanwarsa, wadda ta zo gida yin Sallah, ita ce ta faɗa daga bayan ƙofa, da murya yadda har maƙwabta za su amfana. Tsohon ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, ko da yake babu komai a hannun.

"In an yi wanga abu, tana tafiya wurinka?"

"Muna sa rai, Baba."

"To a kawo kujera."

Aka jera kujeru biyu a tsakar gida. Surukina ya zauna, surukata ta zauna ta ja mayafi ta rufe baki. Mu kuma muka tsaya a bayansu, da tazararmu ta kullum. Mai hoto ya ce a matso. Muka matso kaɗan. Ya ce a ƙara. Sai ya ce, "Likita, dafa ta."

Na ji hannun yana shawagi sama da kafaɗata kafin ya sauka, yatsu a miƙe, a tsanake.

"Yaya, ba saniya kake duba wa zazzaɓi ba," in ji ƙanwarsa. "Saki hannunka."

Matan da ke suya suka kwashe da dariya. Surukina bai waiwayo ba. Ya kafa wa bango ido ya ce, "Ku yi ku gama. Ni ban ga komai ba." Ana gamawa ya tashi ya fita kasuwa, bai dawo ba sai da muka bar garin.

A Bakura ban ma kai maganar kafaɗa ba. Mahaifina ya yarda a ɗauke mu, shi a tsakiya, mu a gefe da gefe, ya ce shi ya ɗaura auren kuma bai san ya yi ƙarya ba. Sauran kwanakin muka bi wurare: bakin ruwa a Bakolori, gonar albasar abokin mijina, ƙofar makarantarmu inda ɗalibaina suka leƙo ta taga suna ƙunshe dariya. Murmushi, matso, dafa. Da yamma na zauna ina rubuta wuri da rana a ƙarƙashin kowane hoto, shi yana jerawa. Hutun da ya kamata mu yi zaman aure a cikinsa ya ƙare wajen nuna cewa muna yi. Ya koma, na sake turawa, na koma aji.

Biza ta fito bayan watanni, ina tsakiyar makin jarrabawa. Na karanta saƙon, na ce alhamdulillahi, na ƙarasa takardar da ke gabana, don yarinyar ta fara jimla mai kyau ina so in ga inda za ta kai ta. Murnar ta zo daga baya, kaɗan-kaɗan, kamar ruwan famfonmu.

Na je Maradun sallama. Surukata ta ja ni ɗaki ta tambaya a hankali ko akwai saura daga hoton nan. Na ba ta ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buɗe babbar kwalla, ta sa shi can ƙasa, ta mayar da murfi.

Surukina na zaure. Tun ranar hoton ban iya haɗa ido da shi ba, shi ma bai nema ba. Na durƙusa, muka gaisa doguwar gaisuwa, ya yi mini addu'a. Sai ya miƙo ƙunshin kilishi, ya ce in kai wa Likita, da hannunsa ya yi. Na san ba a shiga da nama ƙasar, ɗansa ma na cikin masu hanawa. Na sa hannu biyu na karɓa, idona na kan tabarma.